Karen Yaya Rabi

Da wannan watan, shekara shida ke nan da rasuwar yayata Rabi a Kuala Lumpur. Allah Ya jiƙanta.

Sanƙarau ne ya tafi da jinta tana 'yar shekara goma sha biyu. Bakinta kuwa ya bar mata, kuma ta yi amfani da shi, don ni na sha. Da ta zo karatun digiri na biyu, ta kama ɗaki ita kaɗai a unguwar Wangsa Maju, ta samo horarren kare mai suna Kopi. Labari ya isa Kano, Baba ya kira ni, tunda ni ma a nan Kuala Lumpur nake karatu: ko dai kare ya fita, ko ita ta dawo gida.

Na tafi da wa'azina a baki. Ina danna ƙararrawa sai ga ƙofa ta buɗe, abin da bai taɓa faruwa ba. A gida sai an zagaya an taɓa ta. Na wuni ina kallo. In tukunya ta yi ƙara, Kopi ya dungure ta da hanci a gwiwa, ya ja ta kicin. In ƙararrawar gobara ce, an koya masa ya taɓa Rabi ya kwanta. Lokacin salla ya yi a wayarta, shi ya sanar da ita, ya koma bakin ƙofa. Har sabulu mai haɗin turɓaya ta ajiye saboda maƙwabtanta Malayawa, su da suke wanki bakwai in kare ya lashe su.

Duk da haka na isar da saƙo. Ta karanci leɓena tsaf, ta ce, "Kai za ka zauna ka zama kunnena? Kai da ko Asuba sai an yayyafa maka ruwa?"

Wallahi kunya ta kama ni. Na kira Baba na ce ni dai ba zan iya raba ta da kunnenta ba. Ya yi wata bai yi mini magana ba, amma ta zauna, ta gama karatunta.

Yanzu akwai agogon hannu mai girgiza in an buga ƙofa. Na san da tana raye za ta saya, ta kuma ce agogo ba ya murnar dawowarta.

Kopi yana wurina, ya tsufa. Har gobe in aka danna ƙararrawa sai ya lallaɓo ya dungure ni a gwiwa. Ina ji sarai. Amma ba na tashi sai ya zo.