Baiwar da Hajiya Ta Yi wa Kuka

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Hajiya a Nassarawa, amma kun san halin unguwarmu, ba a shiga gidan maƙwabci da ƙafa. Direbanta ke kawo mini littafi, nawa ya mayar. Tun da muka yi ritaya muka mai da karatu sana'a.

Bara muka faɗa wa littattafan binciken kisa. Ni haushi suke ba ni. Bawan Allah ya mutu, maimakon a yi masa sutura a kai shi makwancinsa, sai wani mai tabarau ya zo yana shinshinar kofin shayi. Hajiya kuwa tana son su kamar me, sai dai ko sau ɗaya ba ta taɓa canko mai laifin ba. Kullum kuku take zargi. Ko labarin babu kuku, sai ta ce ɓoye shi aka yi.

Daga nan ta aiko mini da wani na tarihi, labarin wata yarinya da aka kamo a yaƙi aka sayar a kasuwa. Marubucin akwai surutu, kafin a ɗaura wa doki sirdi ka gama cin tuwo. Amma yarinyar ta taɓa mini zuciya, don kusan haka aka yi wa kakata. Hajiya ta kira ni a waya tana sheshsheƙa.

"Hajiya, kin kai inda aka raba ta da uwarta? Wallahi na kasa cin abinci. Mutanen da ba su da imani!"

Na ce mata na kai. Har tabon hawayenta na gani a shafin, takardar ta cukurkuɗe.

A lokacin nan ɗana yana neman 'yarta ta biyu. Yaran suna son juna, ni ma har raina ina son yarinyar. Manya sun je gaisuwa, saura a sa rana. Sai Hajiya ta ce bari a ɗan yi binciken asali, kamar yadda aka saba.

Oho! Ashe matar da ba ta iya gano mai kisa a littafi ƙwararriya ce. Ta tura ƙanwarta Tudun Murtala wajen wata gwaggona da tsufa ya kwance wa baki, aka kai mata atamfa da goro. Gwaggo ta zazzage komai, har sunan kasuwar da aka sayi kakarmu. Ni ban taɓa ɓoyewa ba, ba a dai taɓa tambayata ba ne.

Ba a jima ba saƙo ya zo: an yi istihara, abin bai kwanta ba.

Ranar na taka da ƙafata, maigadinta har ya ruɗe. Na same ta a falo da tabarau a hanci. Na ce, "Hajiya, istihara ce ko kakata ce?"

Ta yi ta gyara mayafi. "Kin san dangin Alhaji da maganar asali."

"Ba ke ce kika kasa cin abinci saboda baiwa ba?"

"Haba Hajiya," in ji ta, ko kunya babu, "waccan ai ta littafi ce."

Raina ya ɓaci, na juya na fito. Na dawo na tarar da ɗana a mota, bai kunna ba, bai fito ba. Katon mutum mai gemu yana goge ido da hula.

Bayan sallah sai ga direbanta da littafi na biyu na labarin yarinyar, wai Hajiya ta ce wannan ya fi na farko ban tausayi. Ko buɗewa ban yi ba, na miƙa masa.

Na ce, "Malam, mayar mata. Ka ce na san ƙarshen. Yarinyar ta rayu, ta haihu, ta yi jikoki, kuma har yau ba a ba su aure."