Tsumman Gwaggo Saude

Gwaggo Saude, yayar mahaifina, ba ta da gona. Abin da take da shi garka ce a bayan ɗakinta a Birnin Ƙonni, wadda faɗinta bai wuce tabarma shida ba. A ciki akwai zogale, kuɓewa, yakuwa da wake. Ruwan alwala da na wanke-wanke duk can suke ƙarewa. Ka kuskura ka zubar da ɗauraya a tsakar gida, ranar za ka ji tarihin kakanninka.

Dokarta ɗaya ce. Duk shukar da ta ɗaura wa jan tsumma ta iri ce, ba a taɓa ta ko me ake ciki.

A 1973 damina ta ƙi. Ƙanenta Hamani, baffana, ya taso daga Dogarawa da matarsa Mariama da 'yarsu Takama, rumbu ba ko zangarniya. Garkar nan ta riƙe baki bakwai, har da mu 'yan gida, wata biyu, ganye da ɗan garin da aka samu. Daga ƙarshe komai ya ƙare, sai kunya ɗaya ta wake mai tsumma.

Wata rana Gwaggo ta dawo daga rijiya ta tarar da tukunya a wuta, an tsinke rabin waken.

"Wa yat taɓa mini iri?"

"Ni ta, Yaya," in ji Mariama. "Takama ba ta ci komi ba tun jiya."

"To mi za mu shibka baɗi? Kun cinye naku, kun taho ku cinye nau!"

Gaskiya ta faɗa, ban taɓa musu ba. Amma Hamani mutum ne mai zuciya. Washegari ya kwashi iyalinsa suka koma, Gwaggo kuwa girman kai ya hana ta cewa su tsaya. Har yau ina jin haushinsu su biyun.

Ragowar irin ta shuka da ruwan farko, kuma ya yi kyau. Ta cika ƙwarya da waken sabuwar kaka, ta hau mota zuwa Dogarawa. Can ta ji cewa an binne Takama tun kafin ruwa ya sauka.

Ta ajiye ƙwaryar a ƙofar ɗakin Mariama ta juyo. Ta yi shekara goma sha tara bayan haka tana aikin garkarta, kuma ba mu ƙara ganin tsumma a jikin ko shuka ɗaya ba.