Wayar Malam Sule Tana Ɗakina

Ina kan hanyar unguwar Kongo da safen nan aka kira ni: wuta ta kashe Malam Sule a kan falwaya, nan Tudun Wada. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Ga wanda bai san shi ba, maƙwabcinmu ne, ma'aikacin gyaran layin lantarki.

Abin da na tabbatar kawai zan faɗa, daga bakin abokin aikinsa da ke riƙe da tsani. An kashe layin kafin ya hau. Ya gwada, babu wuta. Yana cikin ɗaure waya wani mai walda ya tayar da janareta bai raba shagonsa da layi ba. Wutar ta komo baya ta sami Malam Sule. Bel ɗin da ya ɗaure jikinsa da shi ya riƙe shi a sama, hannunsa manne da waya, rigarsa tana hayaƙi, har aka gano injin aka kashe. Da sanda aka ɓamɓare yatsunsa.

Matasa sun jawo mai waldar kan titi, sun fasa masa kai da bulo, sun karya masa hannu. Yana asibiti. Yanzu ina jin ana neman fetur don ƙona shagonsa.

Ku dakata ku ji nawa laifin.

Aikina na kammala digiri robot ne mai kyamara. Yana bin waya, ya gano inda ta ci ko kusa ta kwance, ya ɗaure da kansa, don kada mutum ya hau. Malam Sule ne ya samo mini tsohuwar waya, ya ɗaura ta tsakanin bishiyoyi biyu a bayan gidanmu. Ƙadangare yake kiran robot ɗin.

Ran nan ya ce, "Injiniya, ƙadangaren nan naka yana ganin wuta?"

Na ce a'a, tsatsa da tsagewa kawai yake gani.

"To, idonmu ɗaya ke nan ni da shi."

Wayar gwajina tana kusa da layin gaske, abin bai yi masa ba. Sai ya ciro wayar atin daga jakarsa, wadda suke haɗa layi da ƙasa kafin su taɓa, don in wuta ta komo ta bi ta nan. Ya ce, "Kada ka ƙara gwaji babu ita. Riƙe har ka gama."

Na gama tun wata biyu da suka wuce.

Shekaranjiya muka haɗu a ƙofar masallaci bayan azahar. Ya ce, "Injiniya, ina wayata? Ko ƙadangaren ya haɗiye?" Na ce, "Gobe zan kawo, Malam." Ya yi dariya, ya hau babur ɗinsa.

Ban kai ba. Tana ƙarƙashin teburina, a naɗe yadda ya koya mini.

Ban san ko da zai ɗaura ta yau ba. Abokin aikinsa ya ce ba kullum suke yi ba in gyaran kaɗan ne. Abin da na sani shi ne ba ta cikin jakarsa.

Mai walda ya yi kuskure. Amma duk wanda ya ɗauko fetur, ya fara biyowa ta gidanmu.

Za a yi jana'iza bayan la'asar. Allah ya gafarta wa Malam Sule, ya sanyaya makwancinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah ku yi masa addu'a, ku roƙa wa mai waldar lafiya. In da saura, ku sa ni ciki.