Kazar da 'Yata Ta Ba Yesu

Abubuwa da yawa sun shige mini sun fita, amma ba na jin zan taɓa manta abin da 'yata ta yi a Maje a gaban matan zumuntarmu. Yanzu ta girma, har ita ke koyar da yara a makarantar Lahadi. A lokacin kuwa ba ta wuce shekara biyar ba, ga baki kamar rediyo mai sabon batir. Muna haya a Iku, babanta yana fita aiki Abuja tun da sassafe, saboda haka duk tambayoyinta a kaina suke ƙarewa. Wa ya haifi Allah? Mala'iku suna wanka? Wata in amsa, wata in ce ta je ta wanke hannu.

Kakarta ta Izom ce ta ba ta 'yar tsako, ta ɗinka mata jan ƙyalle a fiffike don kada ta saje da kajin maƙwabta. Yarinyar nan ta ɗauki son duniya ta ɗora wa kazar. Ko tuwo na zuba mata, sai kaza ta samu rabonta kafin ita ta kai loma baki.

Da ranar godiyar kaka ta matso, ranar da kowa ke kai wa coci wani abu daga abin da Allah ya ba shi a shekarar, malamarsu ta ce musu ba a ba Ubangiji ragowa, abin da ka fi so shi ake ba shi. Ta dawo gida ta ce kazarta za ta ba Yesu. Na shiga lallashi, na nuna mata wata ƙatuwar kabewa. Gaskiya ni miyar Kirsimeti nake hange.

Ta ce, "Mama, ni ba na son kabewa. Abin da ba na so zan ba shi?"

Ranar Lahadi ta rungumi kazarta, ta bi layi tana rawa har gaban bagadi, ta ajiye ta tsakanin doya da buhunan dawa. Ba ta yi kuka ba, ni ce ma na ji idona ya cika. A hanyar gida ta tambaye ni yadda kazar za ta hau sama, tunda ba ta iya tashi sosai. Rana ta buɗe, ga goyo a bayana. Na ce Yesu ya san yadda zai ɗauki abinsa. Daga ranar duk wanda ya shigo gidanmu sai ta ba shi labarin cewa kazarta tana sama, har maƙwabciyarmu Bakanuwa ta riƙa tsokanarta, wai ta gaishe mata da ita.

Abin da ban gaya mata ba shi ne, a cocinmu ana sayar da wani ɓangare na kayan godiya, sauran kuma dattawa su kai wa mabukata a ɓoye, ba wanda ya san gidan da aka kai.

Bayan 'yan makonni zumuntar mata ta je addu'a gidan wata tsohuwa a Maje. Gwauruwa ce da kowa ke girmamawa. Da mijinta yana raye, ba mai kai doyarsu yawa a ranar godiya. Da ya rasu 'yan'uwansa suka yanka gonakin suka sayar wa masu gini, ta zauna a ɗakinta na ƙasa, benaye sun sa ta a tsakiya. Amma ba ta taɓa buɗe baki ta ce babu ba. Kullum zaninta a goge, in ka tambaye ta lafiya sai ta ce sai godiya.

Muna zaune a tsakar gida, an fara waƙa ke nan, sai ga kaza ta fito daga bayan tukunya da jan ƙyalle a fiffike. 'Yata ta zabura ta miƙe.

"Mama! Kazar Yesu! Kakar nan ta sace kazar Yesu!"

Waƙa ta mutu. Mata suka sunkuyar da kai, domin kowa ta gane abin da kazar ke nufi. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi a hankali, ta kama kazar, ta ɗaure mata ƙafa da tsumma, ta ɗora wa yarinyar a hannu.

Ta ce, "Oya, ɗauki kayanki. Ni ban roƙi kowa ba."

Na durƙusa ina ba ta haƙuri, ta ce, "'Yata, tashi, yaro ne." Amma magana zarar bunu ce. Lahadin da ta biyo baya ba a gan ta a coci ba, ta gaba ma haka. Shugabar zumunta ta je, ta ce mata ƙafa ce ke ciwo. Duk mun san ba ƙafa ba ce. Na ji tsoro ƙwarai, kada bakin 'yata ya raba baiwar Allah da ɗakin da ta tsufa a cikinsa.

Ita kuwa uwar gayyar gani take ta yi aikin Allah. Ran Asabar da safe muna addu'ar iyali, ta roƙi Yesu ya zo ya ɗauki kazarsa da wuri kafin a sake sacewa. Na ɗaga hannu zan kai mata duka, babanta ya riƙe ni. Ya ɗora ta a cinya ya tambaye ta me Yesu zai yi da kaza a sama. Ta ce zai ci. Ya ce a can ba a jin yunwa.

"To ashe ba ya ci?"

"Yana ci mana. Amma da bakin mai jin yunwa yake ci."

Ta shiga wasa da maɓallin rigarsa. Can ta ce, "Baba, kakar nan tana jin yunwa?" Ya ce wani lokaci. Ta ce, "Ke nan a bakin Yesu na ƙwace." Ta fashe da kukan da ban taɓa jin irinsa a wurinta ba, ba na duka ba, ba na son alewa ba. Ta ce sai an kai ta Maje yanzu yanzu.

Muka hau keke napep, ina ta tsara maganar da zan faɗa, domin na san matar nan ba za ta sake karɓar sadaka a hannun kowa ba. Muka same ta tana sussukar 'yar masara. Ban kai ga gama gaisuwa ba yarinyar ta durƙusa ta ajiye kazar a gabanta.

"Kaka, sori. Kazar nan ba tawa ba ce, na riga na bayar. Yesu ne ya kawo ta wurinki, ni na ɗauke ban tambaye shi ba. In na koma da ita, ni ce ɓarauniyar."

Tsohuwar ta jawo ta zuwa bayan tukunya, ta nuna mata ƙwai a cikin wani tsohon kwando. Ashe kazar ta fara kwanci lokacin da muka ɗauke ta, duk sun huce sun lalace. Ta ce, "Kin gani? Waɗannan ba za su ƙyanƙyashe ba. Haka baki yake yi." 'Yata ta sake ɓarkewa da kuka. Tsohuwar ta share mata fuska da bakin zaninta, ta kwance ƙafar kazar ta sake ta.

Ta ce, "To, tunda ta mai sama ce, zan yi masa kiwo. Ba na mayar masa da hannun kyauta baya."

Washegari ta zo coci. Ba ta zauna a bencinta na gaba ba, can baya ta raɓe kusa da ƙofa, kuma a nan ta ci gaba da zama har ƙarshen rayuwarta. Wannan ya tsaya mini a rai har yau.

Abin da na koya shi ne, mai bayarwa yana rawa zuwa bagadi kowa na tafa masa, amma mai karɓa shi ke ɗauke da kaya mai nauyi. In Allah ya sa abinka ya isa hannun wani, ka haɗa masa da rufin asiri, in ba haka ba ka ba shi kaza ka karɓe masa abin da ya fi ta.