Gurbin Sunan Si Munji

Shekarun baya, a wani shagon shayi kusa da tsohuwar ƙofar gari ta Bab Diwan, wani ya raɗa mini cewa an cire sunanka daga manhajar da ka gina. Na ce ƙarya ne, rashin kunyar mutane bai kai nan ba. Ban tambaye ka ba, kai ma ba ka ɗaga zancen ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ranka, Si Munji Kammun, a gidanka da ke birnin Sfax, bayan doguwar jinyar ƙoda. Ni ne Sadok, wanda teburinsa ya fuskanci naka har muka yi furfura, na riga ka ritaya. Ina rubutun nan zuciyata ba ta huce ba.

Manhajar tamu ta kantunan magani ce. Kafin ta fita sai an haɗa ɗaruruwan fayiloli cikin ƙunshi guda, kuma kusan kowanne yana ɗauke da lambar fitowa da sunan mai aikin. Da hannu muke rubuta su, har wata rana muka saki ƙunshi mai lambobi daban-daban, kowane shafi da tasa. Kai ka kashe wannan abin kunya. Ka ce duk inda suna zai shiga a bar gurbi, a sa @SUNA@ kawai. Ainihin sunan ya zauna a layi ɗaya tak. Ranar haɗa ƙunshi, 'yar manhajar da ka rubuta ta bi fayilolin ta cike kowane gurbi.

Na taɓa ce maka, "Munji, rubuta sunanka kai tsaye mana, ko wuri ɗaya ne. Ba haramun ba ne."

Ka ce, "Sadok, tsohon mai kwafe-kwafe! Duk abin da ka rubuta sau biyu, wata rana ɗayan zai ƙaryata ka. Sha shayinka."

Haka kake. Mai kantin magani a tsibirin Ƙarƙanna ya kira yana kukan manhaja ta tsaya, ka hau jirgin ruwa ranar hutunka ka je ka gyara, ka dawo da kifin da ya cusa maka, ka raba mana. Wanda ya ɓata ƙunshi a ofis ba ka yi masa faɗa. Sai ka ja shi cin lablabi, romon wake da burodi, ka bar shi ya ƙoshi, sannan ka nuna masa inda ya kauce.

Da aka sayar da aikin ga Kamfanin Marsanur, ba su sha wahala ba. Layin nan ɗaya suka buɗe, suka goge Munji Kammun, suka sa sunansu. 'Yar manhajar nan taka ta yi sauran. A gadon asibiti na tabbatar da haka daga bakinka, kana dariya kana tari.

"Ka ga aiki mai tsabta? Layi ɗaya suka taɓa, ko fayil ɗaya bai yi musu gardama ba."

Ni ban yi dariya ba.

A zaman makoki manajan Marsanur ya zo da fuskar jimami. 'Yarka Wafa ta tsaya a bakin ƙofa ta roƙe shi abu ɗaya, a mayar da sunan mahaifinta inda mutane za su gani. Ya dafa ƙirji ya ce, "Lalla Wafa, wannan a wuyana yake. Fitowa ta gaba, sunan Si Munji ne zai fara bayyana."

Ya cika alkawari irin nasu. Ya sa aka ƙara jimla a shafin farko, don tunawa da marigayi. Wanda ya rubuta ta ya bi ƙa'idar da ka kafa, ya sa gurbi maimakon suna, kuma babu wanda ya duba kafin a saki. Yanzu daga Sfax har Gabis, duk kantin da ya kunna na'ura da safe, abin da ke gaishe shi shi ne: "Don tunawa da marigayi Kamfanin Marsanur, Allah Ya jiƙansa." Na kira manajan. Ya ce an riga an rarraba, sai dai a duba a fitowa ta gaba, in an samu lokaci.

Allah Ya jiƙanka, Munji, Ya yalwata kabarinka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara. Ya ba Lalla Najiba, matarka, da Wafa da sauran dangi haƙurin wannan rashi. Wajen Ubangiji sunanka a rubuce yake, babu mai canza layin.

Mutane da yawa sun kawo mini labarin shafin nan, wasu har suna ƙunshe dariya. Amma akwai wadda ta je sayo wa mahaifiyarta maganin hawan jini, mai kantin ya juyo mata da allon ya ce, "Madam, ke da kika yi karatu, wai kamfanin nan ya mutu ne? To wa zai riƙa yi mana gyara?" Ta karɓi maganin ta fito. Ita ce ta ƙarshe da ta faɗa mini: Wafa, 'yarka.