Magena ba ta cin sadaka

Jama'ar gida, ku ji abin da magena ta yi mini yau.

Tun da malamin dabbobi na Tsanyawa ya ce ciwon hanta ne, ta daina cin komai. Ido ya yi ɗorawa, ta rame kamar tsumma. Ɓeraye kuwa sun samu labari, sun fara shiga rumbu, a shekarar nan da gero ya yi wuya. Har kifi na saya mata, ni da na manta ɗanɗanonsa, ta kau da kai.

Ɗazu na rufe kindirmon da zan dama fura, na tayar da sallar azahar. Ina sallamewa sai maƙwabciyata Tabawa ta leƙo ta kan danga, ta ce, "Yaya, majinyaciyarki ta ture faifai, kanta yana cikin ƙwarya."

Na ce, "Kar ki motsa."

Ta lashe tas! Sai na tuna, tun da nake da ita ba ta taɓa cin abin da aka miƙa mata ba, sai na sata.

Tabawa ta ce, "Halinki ta ɗauko, ba kwa karɓar sadaka."

Na sa kifin nan a tukunya, na bar murfin a karkace, na ce duk wanda ya taɓa zai sha muciya. Na juya baya.

Yanzu haka ƙaya ce kawai ta rage.