Notin da Ke Ƙarƙashin Totur

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki na sayi motata ta farko, tsohuwa ce 'yar hannu, daga wurin wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya. Lokacin ina aiki a wata masaƙa a Kakuri. Muna zaune a Narayi, ni da matata da 'ya'yanmu biyu da mahaifiyata, wadda ta dawo wurina tun bayan da yayana ya rasu a hatsarin mota. Motar dai lafiyarta ƙalau, da ka taɓa totur sai ta zabura.

Ba a jima ba ta canza hali. A cikin gari ba ka gane komai, amma da na hau babban titi na taka, sai ta yi ta gurnani ba ta ƙara sauri. Na ɗora laifin a kan man 'yan bumburutu, don lokacin sau da yawa a galan muke saye. Na kai ta wurin bakanikena a Kakuri, wani ɗan ƙabilar Ibo mai yawan surutun siyasa. Ya canza fulogi, ya wanke kafireto, ya sa sabuwar matatar mai, yana yi yana ba ni labarin yadda ƙasa za ta gyaru tunda soja sun koma bariki. Ta ɗan yi dama, ko kuma ni na ga kamar ta yi.

Wata Asabar muka kama hanyar Kachia za mu biki a ƙauye, Mama ta zauna a gida. Mun wuce Kamazou sai na tarar da wata tirela cike da katako tana tafiyar hawainiya. Na leƙa, na hango wata tankar mai tana tahowa can nesa, na ga akwai fili, na fita zan wuce tirelar. Ina kaiwa tsakiyar tirelar na danna totur har ƙasa, motar ta ƙi. Tankar tana ta girma a gabana, direbanta yana ta kunna fitila. Na taka birki na faɗa bayan tirelar, iskar tankar ta girgiza mu, tankar ta tafi da madubin gefena. Da na tsaya a bakin hanya na fito, sai na zauna a kan ciyawa. Matata ba ta yi kuka ba, ta dai rungume yaran ta ƙi sakinsu. Muka juyo gida, muka ce wa Mama mota ce ta ba mu matsala.

Ran Litinin na koma Kakuri. Wannan karon bakaniken bai yi maganar siyasa ba. Ya kashe injin, ya cire murfin iska, ya ce in danna totur har ƙasa shi kuma yana leƙen maƙogwaron kafireto. Ya ce in ƙara dannawa, na ce ai ƙarshenta ke nan. Ɗan ƙyauren da ke ciki rabi kawai yake buɗewa. Ya bi wayar totur bai ga komai ba, sai ya durƙusa ya ɗaga kafet ɗin da ke ƙarƙashin ƙafata. Ga wani noti nan sabo fil an ɗaure shi a ƙasan motar, daidai inda totur ke sauka.

"Oga, wannan ba lalacewa ba ce," in ji shi. "Mutum ne ya sa."

A hanyar gida babu wanda ban zarga ba, daga wanda ya sayar mini har abokan aikina. Na shiga na ajiye notin a kan tebur ina faɗa wa matata. Mama tana gefe tana tsince wake, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ni na sa aka ɗaura," ta ce. "Gudu ne ya ci yayanka. Ba zan binne biyu ba."

Ashe wata rana da na bar motar a gida saboda rashin mai, ta kira wani dattijon cocinmu, tsohon bakanike a Sabon Tasha, ta roƙe shi ya rage wa motar ƙarfi. Matata ce ta ba Mama labarin tankar, a hankali, ba ta rage komai ba. Tiren waken ya zame daga cinyar Mama. Ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa, ta kira yaran tana shafa kawunansu da hannayensu kamar mai neman rauni. Ranar ba ta ci abinci ba.

Ran Lahadi bayan sujada dattijon ya tare ni a bakin ƙofar coci, hularsa a hannu. Ya ce ya so ya faɗa mini tun farko, Mama ce ta haɗa shi da Allah. Na ce masa ba komai, Baba, na wuce.